Yadda Za Ka Kai 'Yan Taro Cin Abinci a Garin da Ba Ka Sani Ba

Kai da aka turo taron ƙara wa juna sani na kwana uku, aka rataya maka kati da koriyar igiya a wuya, matso kusa. In ka bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbaci za ka fita da mutane da yunwa, ka dawo da su a ƙoshe, sunanka kuma ya shiga kunnen manya. A gabana mijin ƙanwata ya gwada su, ma'aikatarmu ɗaya da shi, kuma tun ranar ake kiransa Taswira.

Ma'aikatar tamu za ta buɗe reshe a garin da ake taron, Darakta tana neman wanda za ta damƙa wa. Shekara tara Taswira yana tebur ɗaya kusa da injin kwafi, ƙanwata ta gaji da jin "bana in sha Allahu". Kujerar nan yake so, so na gaske.

1. Zama ɗan gari kafin a tambaye ka

Lokacin shan shayi masu shirya taro za su liƙa takarda a allo: da yamma za a fita rukuni-rukuni a ɗanɗana abincin gari, kowane rukuni da jagoransa. Kada ka ce ka san garin, wannan aikin ɗan koyo ne. Tsaya bakin taga da kofinka, ka yi ajiyar zuciya, ka ce, "Garin nan ya canza."

Haka Taswira ya yi. Darakta tana juya cokali a shayinta ta ɗago.

"Ka taɓa zama a nan ne?"

"Shekara uku, ranki ya daɗe."

Gaskiyar magana, sau ɗaya ya taɓa ratsa garin a mota, yana barci.

"Madalla," in ji ta. "Kai za ka kai mu."

2. Raina duk wurin da aka ambata

Za a sami mai buɗe ɗan littafin taro ya karanto sunayen gidajen abinci. Ɗan yamutsa fuska kaɗan. Na farko ka ce na baƙi ne. Na biyu ka ce tun da mai girkinsu ya tafi ya lalace. Na uku kada ka ce komai, dariya ta isa. Sannan ka rage murya ka ce akwai wani wuri, ko allo babu a ƙofarsa, sai ɗan gari. Riƙe wannan hikimar da kyau: wurin da ba shi da allo, ba mai iya cewa an wuce shi.

3. Waya ta zauna a aljihu

Ɗan gari ba ya duba taswirar waya. Wanda ya zaro tasa, ka ce masa wurin ba ya ciki. Shiga gaba, hannu a baya, ka yi sauri. Mai sauri ba a zarginsa da ɓata. In kun iso mararraba kada ka tsaya tunani, karya kwana kawai, ko wace ce.

Kuma ka riƙa ba gine-gine tarihi, baƙi suna son haka. Ƙarfe biyar Taswira ya fita da mutum goma sha huɗu, kafin biyar da kwata ya mai da wani kantin magani tsohuwar tasha. Da suka zo wani gida mai shuɗiyar ƙofa da bishiya a gabansa, ya nuna shi da haɓa.

"Nan da sinima ce. Mun sha kallo a nan."

Darakta ta dubi gidan, ta gyara mayafinta ya rufe rabin fuska, ta ce, "Ikon Allah."

4. Sa ido a kan mai yunwa

Kowane rukuni da nasa. Namu wani Dakta ne mai gyambon ciki, ƙwayar maganinsa a tafin hannu, wadda ake sha kafin abinci. Mai yunwa yana lura da hanya, shi ya sa shi ne babban abokin gabarka.

"Malam, wannan kantin takalman ba mun wuce shi ɗazu ba?"

"Reshe biyu gare su, Dakta."

Bayan minti ashirin suka sake isowa. Taswira bai jira tambaya ba, ya ce, "Ashe sun buɗe na uku." A fuska yana murmushi, amma a zuci ba addu'ar da bai karanta ba. Yana jin takun Darakta a bayansa, kuma kowane taku yana nisanta shi da kujerar.

5. Bi masu igiya

Ɗan taro ba ya cire katinsa. Da shi yake zuwa kasuwa, wani ma da shi yake kwanciya. Saboda haka in ka hango wani rukuni mai igiya irin taku yana tafiya kamar ya san inda za shi, bi shi daga nesa, ka yi kamar hanya ce ta haɗa ku.

Taswira ya hango koriyar igiya a tsallaken titi, ya bi. Suka shiga wani lungu, suka wuce tukwanen gas da akwatunan lemo, sai ga wata 'yar ƙofa, ƙamshin girki yana fitowa, ba allo ko ɗaya. Sanyi ya ratsa zuciyarsa. Ya juyo ya buɗe hannuwa.

"Ga shi nan. Ai na gaya muku."

Abin da bai sani ba, wancan jagoran shi ma ɓata ya yi. Ya haƙura, yana mai da mutanensa masauki ta gajeriyar hanya.

6. Yaba kafin ka haɗiye

Kada ka buɗe takardar abinci. Ɗaga yatsa ka ce a kawo na kullum.

Ɗakin an rage masa fitilu, an ja wani dogon labule ta gefe guda. Mai kawo abinci ta dubi igiyoyinsu, ta ce to. Ta kawo shinkafa da kaza. Taswira ya kai cokali ɗaya, ya lumshe ido.

"Shekara nawa ina kewar wannan hannun."

Tebur ya ɗauka. Wani daga can ƙarshe ya ce ka ji kaza, ba irin busasshiyar da otal ɗinmu ya ba mu da rana ba. Dakta ya haɗiye ƙwayarsa, ya nemi ƙari, har ya ce ya yafe tafiyar.

Suna cikin haka mai kawo abincin ta dawo da wani abu a hannu.

"Dakta, ga tabaranka. A teburin nan ka manta da shi da rana."

Cokula suka tsaya. Wata ta miƙa hannu ta ɗaga labulen. Ga kujerun taro a jere, ga allon da aka liƙa takardar rukuni, ga sunan Taswira a sama, an rubuta jagora. Ta ƙofar kicin suka shigo otal ɗinsu.

7. In asiri ya tonu, ci gaba da tauna

Kada ka ba da haƙuri, kada ka yi bayani. Taswira ya cinye abincinsa tas, ko da yake bai ji ɗanɗanon komai ba. Fuskar ƙanwata kawai yake gani, da injin kwafi, da wasu shekaru tara. Na tausaya masa, ba zan ɓoye ba.

A bakin matakala Darakta ta tsayar da shi.

"Gidan nan mai shuɗiyar ƙofa, wanda ka ce sinima ce."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"A nan aka haife ni. Mahaifiyata tana ciki yanzu haka. Sau uku ka bi da ni ta ƙofarta ina ɓoye fuska, don ban je gaisuwa ba tukuna."

Taswira ya ce, "Amma ba ki ce komai ba."

"So nake in ga inda za ka kai mu. Mutumin da ya ɓata awa ɗaya da rabi da mutum goma sha huɗu, bai rage sauri ba, kuma ya ciyar da su, zai iya riƙe reshe. Ranar Litinin ka zo ka karɓi takardarka." Ta taka matakala biyu, ta waiwayo. "Amma gobe da safe ka fara zuwa sinima ka gai da Mama. Ba zan yi maka kwatance ba, ai kai ɗan gari ne."

A kula

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya: kumburin ƙafa, tashin gyambon ciki, ko ƙarin girma a garin da har yau matarka ce ke yi maka kwatancen ofishinka. In Daraktanka bai da haƙurin tamu, tsakaninku ne. In kuma ka ɓata, kada ka kira ni. Ina cikin mutum goma sha huɗun nan, kuma ni ne na can ƙarshen tebur da ya ce kazar ta fi ta otal.