Noman da Na Yi wa Cocin Gilashi

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da yake na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna a firamare ya tsaya, ga tsoron kada wani ya gane ni. Amma akwai abin da nake nema a wurinku, dole in faɗa.

Aikin shara da goge-goge nake yi a wani ofis a Manchester, ina zaune a Old Trafford. Ni irin mutanen nan ce da kan koma gida sau biyu su duba ko sun kashe gas. Zumuntar matan cocinmu ta shirya da ta 'yan'uwanmu na Birmingham mu haɗu mu yi addu'a a wani ƙaramin coci na gilashi da ke cikin daji, tsakanin garuruwan biyu.

Motarmu ta riga tasu isa da kusan awa ɗaya. Mama Ladi, shugabarmu, ta ja sauran mata suka tafi shan shayi. Ni na ce bari in leƙa.

Ginin dai ba shi da bango. Gilashi ne daga ƙasa har sama, da katakai da suka haɗu can bisa kamar rassa. In kana ciki sai ka ɗauka a gindin bishiya kake zaune. Ya yi kyau, ban musa ba. Amma da na zagaya ta bayan bagadi sai gabana ya faɗi. Ciyawa ce har gwiwa, ta jingina da gilashin, da 'yan furanni barkatai a cikinta.

A ƙauyenmu, can wajen Kafanchan, in ciyawa ta kai haka a harabar coci, matan zumunta ake zagi. Kuma maciji fa? (An sha gaya mini macizai ba su da yawa a ƙasar nan. Wanda ya ƙirga su bai zo ya nuna mini ba.) Na ce a raina, ƙila masu cocin tsofaffi ne, ba su da mataimaki, ga kuma baƙi na tafe.

Na gyara ɗaurin zani, na sa safar hannu ta roba (kullum tana cikin jakata), na duƙa. Kuma ba noman ganin ido na yi ba. Da saiwa nake tumɓukewa, in kakkaɓe ƙasar, yadda mahaifiyata ta koya mini don kada ta sake tsirowa. Har waƙa nake yi.

Ban ji isowar motar Birmingham ba. Ashe duk mata sun shiga ciki sun zauna, wani dattijo Bature mai kula da wurin yana yi musu bayani. Daga baya aka gaya mini abin da ya ce: wai su dubi bayan bagadi su ga furannin daji da marigayiya matarsa ta shuka da hannunta. Duk suka ɗaga kai. Abin da suka gani ni ce, a duƙe, na ba bagadi baya, da damin furannin nan a hannu.

Saratu, ƙanwar mijina da ke Balsall Heath, ita ta fito a guje.

"Yaya! Me kike yi?"

"Gyara nake yi kafin ku iso."

"Ai mun iso, Yaya. Mun kuma gani."

Da cocin bulo ne, da na laɓe a bayan bango. Nan kuwa duk inda na juya idanu ne.

Dattijon ya fito a hankali ya tsaya a kan tulin da na tara. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce ba sa taɓa wurin sai iri ya gama zuba. Ya tambaye ni ko da saiwa na cire, na ce e. Har ƙasar na kakkaɓe? Na ce e. Ya ce, "Kin iya aiki." Har yau ban san ko yabo ba ne.

Mama Ladi ta tuɓe takalmi ta ce, "To 'yan'uwa, durƙuso muka zo yi, ga wurin durƙuso." Haka muka durƙusa cikin zannuwan zumunta muna mayar da ciyawa ƙasa. Wata daga Ladywood tana ta cewa, "Na gudo daga gona tun ina budurwa, yau 'yar Manchester ta mayar da ni."

Da za mu tafi, dattijon ya miƙo mini saiwa guda a kofin takarda. Ya ce irin da matarsa ta fi so ke nan, in ta rayu a hannuna in dawo masa da ita. Na koyi darasi: a ƙasar nan har ciyawa tana da mai ita. Yanzu ko a bakin titi na gan ta, gaisawa muke yi in wuce.

Saiwar tana nan a kan tagata. Furenta ƙarami ne, shuɗi. Tun da sanyi ya shigo ganyen ya bushe ƙurmus, kuma sau biyar nake duba ta a rana. Don Allah, wanda ya san tsirran ƙasar nan ya gaya mini, mutuwa ta yi ko barci take? Ruwa nawa zan ba ta? Saratu ta ce in ƙyale ta kawai, amma ƙyale abu shi ne ban iya ba.