Gidan da Aka Buɗe Sau Uku

Yau da safe na zaga bayan gari na dawo, na tarar babu ɗakina. Ba wasa nake ba, jama'a. Tabarmata na nan, tukunya na kan murhu, matata Graciete na zaune a kan turmi tana huci, amma tantin da muke kwana a ciki ya yi ƙafa. Na ce, "Ke, iska aka yi?" Ta ce, "Wace iska? Kwamiti ne."

Ashe baƙi za a yi. Tantinmu kuwa, in an tsaya ɗaukar hoto a gaban gidan gwajin da ake nuna wa baƙi, yakan leƙo ta gefen hagu, duk faci da tsumma, yana zubar wa ci gaba mutunci. Shi ne aka naɗe shi aka kai bayan bishiyar yazawa. Guguwar da ta haɗa baki da kogin Buzi sau ɗaya ta ɗauke mini gida, ba ta sake waiwayata ba. Kwamitin Farfaɗo da Mu, Allah ya ja zamaninsa, yau karo na uku ke nan yana ɗauke mini.

Tun da ruwa ya janye aka kwaso mu aka zube a wannan tudun, aka ce za a gina wa kowa gidan da iska ba ta iya masa. Aka gina guda ɗaya don mu ga samfur. Saura aka kafa turaku, gara ta cinye. Yaran da aka haifa a tanti a shekarar yanzu suna zuwa makaranta, mu kuma muna nan muna kallon samfur.

Gida ne mai farin jini. Da farko fari ne, baƙin wata ƙasa suka zo aka yanka ƙyalle, aka ba wani magidanci makulli, da yamma aka karɓe wai akwai sauran 'yan gyare-gyare. Da wasu baƙin suka zo, ya koma rawaya. Yau shuɗi ya kwana. Kowane mai taimako an nuna masa inda taimakonsa ya shiga, ya koma ƙasarsu zuciya fes. Ku faɗa mini, in wannan ba basira ba ce, mece ce?

Kada a ce ni Albano ba ni da godiya. Mutanen kirki sun yi mana rana: masu kwalekwalen da suka sauko da mu daga kan bishiyoyi, matan coci da na masallaci a birnin Beira da suka yi ta aiko garin masara, da wasu bayin Allah da suka haƙa mana rijiyar burtsatse suka tafi, ko sunansu ba mu riƙe ba. Har yau ita muke sha. Kuskurensu ɗaya, ba su kira kowa ya yanka ƙyalle ba, saboda haka a wajen manya rijiyar ba ta nan.

Na je neman ɗakina wajen Custódio. Tare muke sayar da busasshen kifi a da, yanzu ɗan kwamiti ne, yana yawo da wata riga duk aljihu.

"Custódio, ina ka kai mini gida?"

"Haba Kawu Albano, ka riƙa duba maslahar al'umma mana. Da yamma za a mayar maka."

"In hadarin can ya sauko kafin yamma fa?"

"Sai ka shigo rumfar baƙi, amma ka tsaya daga baya. Kuma don Allah ka canza wannan wandon."

A nan na ji wadda aka zaɓa ta zama mai gida ta yau: Dona Ermelinda, mai soya gyaɗa a bakin hanya. Ruwan ya tafi da mijinta da 'yarta a gabanta, tana maƙale a kan mangwaro da jikoki biyu ɗaure a jikinta da zani. Ita ke riƙe da su har yau. Tantinta ya fi rariya huji, tun daminar bara take fama da tari, ma'aikaciyar asibiti kuma ta gaya mata ƙirjinta ba zai ɗauki wata daminar a kan danshi ba.

Na tarar Custódio yana koya mata karatu. "Mama, in an miƙa miki makulli, sai ki ɗan yi hawaye."

"Hawayena a kan mangwaro na baro su, ɗana."

"To ki goge ido da bakin zani, ya wadatar."

"Zan goge. Makullin dai na gaske ne ko?"

"Na gaske mana! Mu 'yan wasa ne?"

Rana ta take tsaka kafin Mai Girma Sarkin Almakashi, Garkuwar Masu Tanti, wato babban jami'in gwamnati, ya iso. Motocin rakiyarsa, da tayoyinsu kawai za a sayar, da rabinmu mun kwana a ƙarƙashin kwano. Tare da shi akwai wata baturiya, rana ta gasa ta jawur, tana ta murmushi. Ni dai na ga alamar da zuciya ɗaya ta zo. Mai Girma ya yi jawabi, ya ce mu mutane ne masu juriya. Ya faɗa, ya maimaita, har na fara jin kunyar yunwar da nake ji. Aka kawo almakashi a kan faranti, ƙyas, muka tafa kamar yadda aka umarce mu.

Dona Ermelinda ta karɓi makulli, ta goge ido yadda aka koya mata. Maimakon ta ja da baya, sai ta kama hannun Mai Girma ta riƙe gam.

"Ranka ya daɗe, kunnena ya tsufa. Gidan nan nawa ne?"

"Naki ne, Mama!"

"Na yau, ko har gobe?"

Ya yi dariya, ya juya wajen masu hoto. "Har abada! Ke da jikokinki!"

"To a faɗa wa baiwar Allahn nan da yarenta, ita ma ta ji."

Tafinta ya faɗa. Baturiya ta rungume ta har da ƙwalla, ta gaske kuwa. Tsohuwa ta tura jikokinta ciki, ta bi su, muka ji ƙarar makulli daga ciki. Kafin Custódio ya rufe baki, matan unguwa sun yi layi a taga: wannan ta miƙa tabarma, wannan tukunya, wannan kaskon gyaɗa. Kaza ma an miƙa. Graciete tawa ce ta ɗauko turmi. Ashe tun jiya suka gama shirinsu a bakin rijiya, mu maza muna can muna gardamar ƙwallo. Baturiya ta tambayi abin da ke faruwa, Mai Girma ya ce al'adarmu ce ta tarewa. Wallahi na sara masa, bai ko ƙifta ido ba.

Ƙurar motoci na kwantawa Custódio ya je ya ƙwanƙwasa.

"Mama, an gama. Kawo makullin."

Ta leƙo ta taga. "Wane makulli?"

"Akwai sauran 'yan gyare-gyare."

"Na gani. Famfon ba a haɗa shi da komai ba, ban-ɗakin kuma ƙofa ce kawai babu rami. Ku shigo ku gyara, ina ciki, ba zan tare muku hanya ba."

"Mama, ki rufa mini asiri. Wata mai zuwa akwai wasu baƙin!"

"Su zo, zan soya musu gyaɗa."

Ya ce zai kira 'yan sanda. Graciete ta ce, "Kira su, ɗan nan. Sai ka gaya musu Mai Girma ƙarya ya yi a gaban baƙi. Mu ma za mu raka ka, mu taya ka faɗa." Mata suka baje a ƙofar gida suka hau tuƙa tuwon masara. Custódio ya laluba aljihunansa kaf, ya zaro waya. Ya koma gefe da waya a kunne, muna jiyo shi yana ta "Ranka ya daɗe, ai ba laifina ba ne." Na ɗan tausaya masa. Shi ma uwarsa a tanti take.

Da la'asar hadarin ya sauko. Ina bayan yazawa ina kokawa da igiya, na jiƙe sharkaf, sai na hango jikokin tsohuwa sun miƙo hannu ta taga suna taron ruwan da ke zuba daga bakin kwano, suna ta ƙyalƙyala dariya. Ƙaramin bai taɓa jin ƙarar ruwa a kan kwano ba. Na tsaya ina kallonsu har igiyar ta kuɓuce mini.

Yanzu labarin da ke yawo shi ne kwamiti ya yi zaman gaggawa. Tunda baƙin wata mai zuwa ba za a nuna musu fili ba, dole a gina gida na biyu. An ce har an aika neman bulo. Kun ga ashe ana iyawa! Abin da shekaru suka kasa, tsohuwa mai tari ta yi shi da murɗa makulli. Saboda haka duk mai niyyar taimakonmu, ga shawarata: kada ya aiko saƙo, ya zo da ƙafarsa, ya ce a nuna masa, kuma in da hali ya kwana.

Na ce wa Graciete ta sa baki a bakin rijiya, ko gida na biyun zai faɗo kanmu. Ta ce ta bincika, kwamiti ya fi son matar da mijinta ya rasu, wai ta fi kyau a hoto. Tun ɗazu take kallona tana nazari. Tuwon yau, na ce mata na ƙoshi.