Ranar da sunan surukina ya fito da ja

Ba zan taɓa mantawa da taron ƙungiyar unguwarmu ta Maamobi a Accra ba, ranar da na aika surukina lahira alhali yana zaune a layin gaba yana cin goro.

Alhaji Issaka, mahaifin matata, bai taɓa yarda ina da sana'a ba. A wurinsa mai aiki shi ne wanda ake gani a kasuwar Tudu yana gumi, ni kuwa "mai danne-danne" yake kirana. Don haka da ƙungiya ta ba ni aikin tattara tarihin dattawan zango, na ce yauwa, ga ranar wanke kai. Na buɗe wiki, shafin nan da kowa ke iya ƙara rubutu, na shigar da kowane dattijo da garinsu, da sana'arsa, da wanda ya sauke shi da ya iso Accra.

Da na fitar da bayanan don a haska a bango, sai suka fito ɗanye, kowane suna a ƙunshe cikin baka biyu-biyu, ga alamomi barkatai kamar kaji sun yi tono. Dole a juya rubutun wiki zuwa HTML, wanda shafin intanet ke ganewa. Na juya, tarkacen ya ɓace, na leƙa saman shafin na ga fes, na rufe kwamfuta (har da yi wa kaina kirari, Allah ya yafe mini).

Na manta cewa a wiki sunan da ke da shafinsa shuɗi yake fitowa, wanda ba a rubuta masa ba kuma ja. Mutum ɗaya ne ban rubuta ba. Kunyar suruki ta hana ni zuwa in zauna gabansa da tambayoyi, kullum sai gobe. A Accra kuwa ko ɗan firamare ya san ba a rubuta sunan mai rai da ja.

Ranar taro na sha babbar riga, na kama makirfo ina ta zuba. Na gungura ƙasa, sai ga sunan Alhaji Issaka jawur a tsakiyar bango. Wata Hajiya a can baya, da ba ta hango shi ba, ta saki salati.

"Innalillahi, yaushe? Jiya-jiya na gan shi wajen mai koko."

Alhaji ya waiwaya a hankali. "Hajiya, ni ma yanzu nake ji." Sannan ya dube ni. "Mai danne-danne, yaushe ne addu'ar? In sani in sa kaya mai kyau."

Dariya ta ɓarke, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, "Baba, jan yana nufin ba a rubuta tarihinka ba tukuna."

"To wa ya hana ka? Gidana ya tashi ne?"

Washegari na je, na cire takalmi na zauna. Ya ba ni labarin yadda ya zo daga Bawku a saman motar albasa, da shekarun da ya yi yana dako kafin ya buɗe shago. Na ji daɗin zaman nan ƙwarai, kuma yanzu shafinsa ya fi na kowa tsawo. Har yau bai daina ce mini mai danne-danne ba, amma in baƙi suka zo cewa yake, "Ga ɗana, shi ya kashe ni ya kuma tashe ni."

Tun daga ranar nake duba shafi har ƙasa kafin in yi kirari. Kunyar da na ƙi ji a zauren suruki, ita na sha a gaban unguwa guda, da makirfo a hannu.