Waƙar Wule a Bikin Hadiza

Duk Malanville cewa ake da gangan na yi. Ƙarya ne, son waƙa ya ja mini.

Ina da wani kaset na wani mai molo daga ƙetaren gulbi, shi kaɗai da muryarshi, ba ganga ba hayaniya. Da Fulatanci yake waƙa, ni kuwa Fulatancina bai wuce cinikin nono ba. Amma in ya kira "Wule, Wule" murya na rawa, wa ke neman fassara? Tuni na yanke hukunci: budurwa ce ta tafi ta bar shi.

Ranar da munka kai ƙawata Hadiza gidan miji a Guéné, cikin Fulani, na saka kaset ɗin a rediyo na ƙure murya. Na ce, "Ku yi shiru ku ji yadda ake son mace. Amarya, wannan taki ce!"

Uwar ango ta rufe fuska da zane, kafaɗunta na girgiza. Na ɗauka kuka take, har na ji daɗi.

Da ƙyar ta ɗago ta ce, "Ɗiyata, Wule saniya ce. Cewa yake ga tozo ga nono, amma ta cika harbi, dole ya kai ta kasuwa."

Hadiza ta daɗe ba ta amsa gaisuwata. Yanzu ta huce, amma dangin miji Wule suke kiranta, ni kuma in na ratsa tasha sai 'yan kabu-kabu su kama kukan shanu.

Ta kusa haihuwa, kuma na riga na zaɓi waƙar ranar suna a bayan kaset ɗin. Wannan kam na tabbata ta jariri ce.