Jar Motar Hajiya a Shafina

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da ɗalibaina suka tona mini asiri a gaban makaranta guda. Wajen ƙarshen shekarun 2000 ne, ina sabon malamin Turanci a wata sakandare mai zaman kanta a Azare, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba. Lokacin dandalin sada zumunta ya fara shigowa, ni kuwa na kamu sosai. Da an tashi sai shagon intanet, duk wanda ya nemi abota in karɓa ba bincike (jama'a nake tarawa kamar mai neman kansila).

Hoton shafina kuwa, ni ne da baƙin tabarau, na jingina da wata jar mota, a ƙasa na rubuta: "Alhamdulillah, an huta da hawan acaɓa." Motar Hajiya ce, shugabar makarantarmu. Ni ko keke ban mallaka ba.

Ana nan iyaye suka kawo ƙorafi, Hajiya ta kafa doka: ba malamin da zai yi abota da ɗalibi a dandali, wanda aka kama a bakin aikinsa. A taron malamai na fi kowa zaƙewa. Har da cewa, "Ranki ya daɗe, ai wannan zubar da mutunci ne!" Ta ji daɗi, ta ce ni zan sanar wa ɗalibai.

Ranar Litinin na hau dandamali na zuba Turanci. Ina gamawa Hajiya ta ce, "Duk mai abota da wani malami ya ɗaga hannu, ba za a taɓa shi ba."

Hannaye suka tashi, layin 'yan aji shida kusan kaf.

"Da wane malami?"

"Malam na Turanci!"

Ashe su Sarkin Gayu da Gimbiyar Katagum da nake ta gaisawa da su kullum a dandali, duk sunayen aro ne, su ne waɗanda nake kora daga aji saboda rashin aikin gida. Ina cikin neman abin cewa, wata yarinya ta ƙara da zuciya ɗaya: "Hajiya, har murnar sabuwar mota mun taya shi."

"Wace mota?"

"Ja ce, irin taki sak. Har lambar ma iri ɗaya."

Wallahi da ƙasa za ta tsage, da na shige. Malaman da ke bayana suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

A ofis na ba da haƙuri har muryata ta dushe. Ba ta kore ni ba, amma ta ɗage tabbatar da ni zuwa baɗi. Ina fita ta ce, "Malam, motarka ta yi ƙura fa." Ni na wanke ta, ɗalibai na leƙe ta taga.

Tun daga ranar, in shugaba ya kawo sabuwar doka bakina alekum. Sai na koma gida na laluba kaina tsaf kafin in ce ta yi kyau.