Yadda Na Warke Daga Ciwon Halilu

Jama'a, jiya na kwanta a gidan likita da lafiyata ƙalau, har aka yi mini barka da warkewa.

Maƙwabcina Halilu ne ruwan sama ya daka a gonarsa ta Tsarnawa, ciwon haƙarƙari ya kama shi. Kwana huɗu yana kwance, numfashi kamar zugazugin maƙeri, allurar da za ta tashe shi kuma ta ƙare. Aka ce a yi haƙuri, Ranka ya daɗe Mai Farar Mota na tafe da kwalin allura guda.

Na je dubiya da hantsi, na tarar gadon Halilu ba kowa. Har na fara salati, sai matarsa Hawa'u ta ce in kwantar da hankali, yana nan da ransa. Wai manjo, wato shugaban masu jinya, ya sa an kwashe duk mai tari zuwa bayan ɗakin girki, don tari gaban babban baƙo rashin ladabi ne. Gado kuma ba a nuna shi wayam. Kafin in ce uffan an tuɓe mini takalma, an lulluɓe ni da zane.

Mu takwas aka kwantar. Na damana mai tsiren bakin ƙofa ne, kumatu kamar kabewa. Na haguna direban kamyon siminti ne daga Malbaza, makewayi kawai ya shigo tambaya.

Ranka ya daɗe ya iso, turarensa na gaba yana biye. Ya taɓa kumatun mai tsire, ya ce bai taɓa ganin jinya irin wannan ba. Ya tsaya kaina.

"Baba, ina suna? Yaya ƙirjin?"

"Malam Wakili. Ƙirjina bai taɓa daɗi kamar yau ba."

Gaskiya na faɗa, ni ba na ƙarya. Ya sa aka rubuta: takwas sun kwanta, takwas sun warke. Aka tafa. Allah ya ƙara wa manyanmu basira, don nan take ya gano cewa tunda ciwo ya ƙare a nan, sai a mayar da kwalin cikin mota.

Manjo ya yi tsuru-tsuru. Ta taga na hango Hawa'u ta ɗora hannu a ka.

To, da furfurata da komai, na saki tari, irin wanda ya sa jandarman bakin ƙofa ya ƙame. Mai tsire ya gane, ya karɓa. Direba ya shigo da nasa, kamar kamyo na hawan tudu. Ranka ya daɗe ya toshe hanci da hankici, ya tambayi abin da ya faru. Manjo ya ce ai ciwon haka yake, yakan waiwayo.

Aka ce a bar kwalin, amma sai an yi wa mutum ɗaya allura gaban mai hoto. Mai tsire ya ce dattijo ake fara bai wa komai. Allah ya isa tsakanina da yaron nan! Allura ce kamar basilla, manjo kuma huce haushinsa ya yi. Yau a tsaye na ci tuwo.

Halilu ya samu tasa da la'asar. Da safen nan ya tashi zaune, ya nemi koko, ya yi mini dariya har ta sarƙe shi.

Sai dai a takardar buro, wato ofishin gidan likita, Halilu bai taɓa ciwo ba, sunana ne a ciki, don haka da sunana ake tsira masa sauran alluran. In kun ji an sallami Malam Wakili, ku yi wa Halilu barka. In kuwa Allah ya yi wani ikon, kada wanda ya zo gidana cin gumba.