Rasuwar Bauna, a-kori-kurar gidan Bunmi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake ba a san ni da nuna shi ba, ni Sakda Bunmi, a madadin mahaifiyarmu, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk ma'abota filin tseren da ke bayan injin casar shinkafa rasuwar a-kori-kurar gidanmu, wadda aka fi sani da Bauna. Ta rasu ranar Laraba da azahar, a rumfar bayan gida, tana da shekara ashirin da takwas. Ban ce a madadin yayana Wirot ba, domin bai ba ni izini ba.

Marigayiya ta shigo gidanmu ne da kuɗin baunaye biyu na noma da Baba ya sayar, shi ya sa ta gaji sunan. A makonta na farko aka kai ta haikali. Luang Ta Chuen, tsohon malamin haikalinmu, ya tsoma yatsa a farar ƙasa ya zana mata tambarin tsari a jikin rufi, daidai saman kan direba. Baba ya tuƙa ta shekara goma sha tara bai taɓa ko buge kaza ba. Duk gidan sun ce aikin tambarin ne. Ni na ce Baba bai taɓa wuce gudun sittin ba.

Ta kasance mai haƙuri da kaya. An ɗora mata shinkafa buhu talatin ba ta yi ƙorafi ba. Shekarar ambaliya ta kwashe gidaje huɗu da agwaginsu zuwa tudu. Ita ta kai ni filin jirgi lokacin da zan tafi Jamus karatun ƙarfe da walda, ita kuma ta kai gawar Baba haikali, ina can ban samu zuwa ba. Da safe takan yi tari uku, kak, kak, kak, sannan ta kama. Wanda ya girma a layinmu bai buƙaci agogo ba.

Bayan rasuwar Baba ta koma hannun Wirot, shi kuma ya mai da ita motar tsere. Ya sauya mata inji, ya ƙara mata turbo biyu masu ƙara wa inji ƙarfi, tarin safe ya zama fito mai tsawo, fiiii, wanda ke sa karnuka shigewa ƙarƙashin gida. Takan cinye mita ɗari huɗu da biyu cikin ƙasa da daƙiƙa goma, ta bar hayaƙi baƙi ƙirin a bayanta. Kofi goma sha ɗaya ta ci. Suna kan firijin Mama.

Rashin lafiyarta ya samo asali ne daga sikeli. A ajin da take tsere, dole mota da direbanta su kai kilo dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin. Don ta rage nauyi ta ƙara gudu, Wirot ya cire kujeru, ya cire gilasai, ya cire bodin baya. Da bai ga abin cirewa ba sai ya koma kan shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da duk motar ke zaune a kai, ya bi su da injin huji. Rami ɗari da goma sha huɗu na ƙirga. Da aka ɗora ta a sikeli sai ta gaza da kilo talatin da takwas. Ya zuba siminti a tsohuwar taya, ya ɗaure a gindin motar, a kan ƙarfen da ya huhhuje. Kowa a filin haka yake yi, don ƙafafun baya su kama ƙasa. An cire ƙarfe mai ɗaukar nauyi, an sa dutsen da sai an ɗauke shi.

Bana hukumar filin ta kawo sababbin ƙa'idoji: shasi ba rami ba faci, kejin ƙarfen da ke kare direba in mota ta kife kuma dole bututunsa ya gitta ta saman kan direba. Suka nemi wanda zai riƙa duba motoci, aka ce ga ɗan Bunmi ya dawo da takarda. Na karɓa. Ranar Asabar ɗin farko, mota ta bakwai a layi ita ce Bauna.

Na shiga ƙarƙashinta da tocila. Tsaga ta taso daga wani rami ta bi ta biyar, kusa da inda simintin ke rataye. Na fito na leƙa ciki. Wirot ya yi keji mai kyau, waldarsa ta fi tawa tsabta. Amma da bututun sama ya iso wurin tambarin Luang Ta, sai ya lanƙwasa shi ya zagaye. Ya bar fili taƙi biyu, daidai inda kansa yake.

"Injiniya, sa hannu mana, rana na yi," in ji shi.

"Yaya, shasin ya tsage."

"Ya shekara uku da tsagewa. Kai ne dai yau ka gan shi."

"Wannan bututun fa, me ya sa ya kauce?"

"So kake in gitta ƙarfe a kan hannun Luang Ta? Abin da Jamusawan suka koya maka ke nan?"

"In ta kife, nan kanka zai bugu."

"Ba za ta kife ba. Don me kake tsammani aka yi zanen?"

Wani daga bayan layi ya ɗaga murya: "Wirot, ka tura yaro makaranta ya dawo ya kama ka!" Aka kwashe da dariya, har da Wirot. Na manna wa Bauna jar takarda, alamar an hana ta tsere. Dariyar ta tsaya.

Da a nan maganar ta ƙare, da marigayiya tana nan a rumfa tana tsufa cikin mutunci. Amma wurin cin abinci Wirot ya ce ba komai, akwai sabuwar hanyar da ba a buɗe ba, inda ake haɗuwa ranar Lahadi da hantsi. Can babu sikeli, babu mai dubawa, babu motar asibiti. Magudanar ruwan noma ce hagu da dama, gefenta kankare. Na lissafa masa abin da zai faru da shasin a gudun ɗari biyu. Ya ce in miƙo masa miyar kifi.

Takardun motar da sunan Mama suke. Na nemi izininta in kashe motar kafin Lahadi. Ranar Laraba da safe na tarar ta ajiye mini makullin kusa da farantina. Wirot yana gona yana ba ruwa. Na tayar da Bauna sau ɗaya, ta yi fitonta, na kashe. Sannan na kunna wutar yankan ƙarfe na raba shasin biyu. Minti goma sha ɗaya aikin ya ci, ramukan sun rage mini wahala. Sautinta na ƙarshe ƙas ne, ƙarami, sai ta durƙusa ta tsakiya.

Wirot ya dawo da laka a ƙafa, ya tsaya ya dube ta.

"Ka gama?"

"Na gama."

"To, sannu da aiki, Injiniya."

Bai sake yi mini magana ba.

Marigayiya ta rasu ta bar Mama, wadda har yanzu take saya mata furen yasmin da safe, ta rasa inda za ta rataya. Ta bar Wirot, da matarsa Duangjai, da 'yarsu mai shekara shida. Ta bar tayar siminti ɗaya da babu mai so. Ta bar ni. Ta kuma bar injinta, lafiyarsa ƙalau, kuma shi ne abin da ban yi tunaninsa ba. Ranar Alhamis Wirot ya zo da abokinsa Chalit suka sauke shi, suka ɗora a kan a-kori-kurar Chalit. Na san motar. Ba ta da keji ko lanƙwasasshe, kujerarta da waya aka ɗaure. Duangjai ta yi mini godiya ranar Laraba. Tun Alhamis ba ta kalli inda nake ba, kuma tana da gaskiya. A da mijinta yana da rabin keji.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe goma na safe, a wurin masu narka ƙarfe da ke bakin gada. Wuta ce makomarta, kamar sauran mamatanmu da muke ƙonawa. Za a raba faten shinkafa da jan lemo. Ana roƙon masu zuwa da motocin tsere kada su taka mai don girmamawa, Mama ba ta son jin ƙarar yanzu. Ba a buƙatar furanni, akwai su da yawa a gida.

Abu ɗaya ne ba za a ƙona ba. Na yanke ɓangaren rufin da tambarin ke jiki, na bar masa yatsa huɗu ta kowane gefe, wuta ba ta taɓa farar ƙasar ba. Na huda masa rami huɗu a kusurwa don a ɗaure shi da noti, na naɗe shi a mayafin Baba. Nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. Ba zai tare komai ba. Na sha gwada falankin ƙarfen da ya ninka shi kauri, na ga yadda yake naɗewa.

Duk wanda ya ga Wirot kafin Lahadi, ya gaya masa tambarin yana kan firiji, tsakanin kofunan. Ya zo ya ɗauka ya sa a motar Chalit, a saman kansa. In ba ya son ganina, ya aiko da lokacin, zan fita.

Sakda Bunmi
Suphan Buri